Tankar Yaƙin da Baba Ya Yi Noma da Ita

Mahaifina Lindsay Prowse tun yana yaro burinsa ɗaya ne, ya tuƙa jirgin sama. Da yaƙin duniya na biyu ya ɓarke ya je ya ba da sunansa a sojan sama, sai likitan soja ya gano idonsa ba ya raba ja da kore. Aka mai da shi makanike a can arewa, wajen garin Darwin. Shekara huɗu yana gyara injina, waɗansu na hawa suna tashi, shi yana ƙasa da tsumma a hannu.

Bayan yaƙi aka ba shi fili kusa da garin Lake Grace, daji ne fal. Mama ta ce ya sayo tarakta. Sai ga shi da tsohuwar tankar yaƙi wadda aka cire wa bindiga.

"Lindsay, noma za mu yi ko yaƙi?"

"Glenys, leƙa bayanta ki gani. Injin jirgin sama ne a ciki, silinda tara, a kewaye kamar faranti."

"To, faranti za mu ci?"

Tankar ta yi aiki, ba ƙarya. Da ita da sarƙa ya kwantar da dajin nan kaf, muka shuka alkama. Tana shan fetur kamar ba gobe. In ya tashi aiki da yamma ba ya kashe ta nan take, sai ya zauna a kanta ido rufe, injin na ruri. Maƙwabcinmu Snowy kan tsaya a bakin shinge ya yi ihu, "Kyaftin! Yau ma ba a ba ka izinin tashi ba?" Baba ya ɗaga masa hannu kawai.

Injin ya mutu a 1963, kayan gyara sun ƙare. Baba ya lulluɓe shi da tamfol a rumfa.

Yana da shekara saba'in da ɗaya wata matuƙiya mai suna Raelene ta sauko a gonarmu da ƙaramin jirgi, injinta na tari. Baba ya kasa kunne, ya ce, "'Yata, fulogi ne, na uku." Haka kuwa aka samu. Da ya gama gyaran ta ce, "Baba, hau mu gwada aikinka." A sama ta sakar masa sitiyari, minti goma.

Suka sauko. Ya dube ni ya ce, "Ashe gonar nan 'yar ƙarama ce."

Ya ƙara shekara shida a duniya. Duk lokacin girbi sai ya ce in buga wa Raelene waya, ko aiki zai biyo da ita ta wajenmu. Ta koma jihar Queensland, can nesa da mu, tun tuni, na kasa gaya masa. Nakan ce layin ne ba ya shiga.