Audugar da Na Cusa a Bangon Ɗakin Inna

A ƙarshen shekarun casa'in ina aiki a wani kamfanin gurzar auduga a Gusau, muna haya ni da matata a tsohon gidan jan bulo wanda bangonsa duk ya tsattsage. A lokacin ne ɓarin jikin mahaifiyata ya shanye, na ɗauko ta daga Bungudu. Da sanyi ya kankama, iska ta riƙa shigowa ta tsagogin nan, Inna ta kwana tana makyarkyata duk da bargo biyu. Sai na yi dabara: na kafa katako a jikin bangon ɗakinta, na cusa ragowar auduga daga wurin aiki, na rufe da allon silin. Na ga tsofaffin wayoyin lantarki a wurin, na danne su da audugar ban kawo komai a raina ba.

Wata Asabar da hantsi aka kawo wutar lantarki da ƙarfi. Can matata ta ce tana jin ƙauri. Muka duba murhu, muka duba dutsen guga, muka leƙa maƙwabta, babu komai, ƙaurin kuwa sai ƙaruwa yake. Na shiga wurin Inna, na same ta tana murmushi. Ta ce yau bangon har ɗumi yake ba ta a baya, Allah Ya yi mini albarka. Na ɗora tafin hannuna a kan allon, na janye da sauri. Wuta ce ke ci a ciki, hayaƙi ya fara tsartuwa ta ramukan ƙusa. Na kasa gaya mata. Na durƙusa na ce ta riƙe wuyana da hannunta mai lafiya, tana tambayata ina za mu. Muna bakin ƙofa wani maƙwabci ya ɓalle allon don ya watsa ruwa, iska na shiga, sai ɗakin ya kama da wuta gaba ɗaya.

Mun tsira, amma hayaƙin ya bar wa Inna tarin da bai sake ta ba har ta rasu. Ba ta taɓa ɗora mini laifi ba. Duk wanda ya zo jaje, cewa take ba ta taɓa barcin sanyi mai daɗi kamar na ɗakin nan ba, kuma wannan maganar ta fi faɗa yi mini ciwo. 'Yan'uwa, kafin ku rufe bango da wani abu, ku kira mai gyaran wuta ya duba. Kyakkyawar niyya ba ta hana auduga kamawa.