Hillevi da Ragon da Ya Biyo Ta Gari

A cikin ganuwar Visby, wani tsohon gari na bakin teku a ƙasar sanyi, aka haifi Hillevi, a wani ɗan gida mai jan rufi da furen wardi ya hau bangonsa. Tun tana budurwa ta shiga aikin gidan burodi. A nan ta haɗu da Ebbe, direban motar fulawa, ta aure shi, a nan kuma furfura ta same ta. Duk mai sayen burodin kirfa a unguwar ya san dariyarta, don tun daga bakin titi ake jiyo ta. Da Ebbe ya rasu, gwiwa kuma ta fara damunta, sai ta ajiye aiki ta koma zaman bakin taga. Dariyar ma ta yi ƙasa.

Yayarta Majken ce ta ƙi yarda da wannan zama. Ita Majken, da tsufanta da komai, wanka take a teku ko da ruwan ya kusa daskarewa. Wata safiyar Asabar ta faɗo gidan ba ko ƙwanƙwasa ƙofa.

"Tashi, raguwa. Likita cewa ya yi ki riƙa tafiya."

"Ai na yi. Na je kicin na dawo."

"Sa takalminki, ko in sa miki da kaina."

Hillevi ta ga ba mafita, ta ce to, amma sai da kwandon abinci. Ta zuba wainar shinkafa da za'afaran ya rina ta rawaya, da fulas ɗin kofi, suka fita ta ƙofar arewa, suka kama hanyar ƙafa da ta bi gaɓar teku. Tsakuwa na ƙara a ƙarƙashin takalmi, iska na kaɗa itatuwan da ta riga ta tanƙwara. Majken na gaba da sandunanta biyu na dogarawa kamar wadda aka aika. Da gari ya ɓace a bayansu, Hillevi ta samu wani faffaɗan farin dutse ta zauna daɓas.

"Ni nan ƙafata ta tsaya. Je ki ƙarasa, kya same ni."

Majken ta yi tsaki ta wuce. Hillevi ta buɗe kwando ke nan sai ta ji huci a wuyanta. Ta waiwaya, ga wani ƙaton rago mai ruwan toka, ƙahoninsa sun murɗe, ya zuba wa wainar ido. Ta gutsura masa kaɗan don ya tafi. Ya cinye, ya zura kai cikin kwandon ya ƙarasa sauran.

"Amma ba ka da kunya," in ji Hillevi.

Tunda abinci ya ƙare, ta ga zaman ba shi da amfani, ta juya gida. Rago ya biyo ta. Ta kore shi da hula, ya ja da baya, ta ci gaba, ya dawo. Da ta gaji sai ta ƙyale shi, har ta fara yi masa hira. Ta ba shi labarin Ebbe, yadda shi ma ba ya ganin waina ya bar ta, da ranar da ya kifar da buhun fulawa a kan sabuwar rigarta. Tana cikin labarin dariya ta ƙwace mata, irin ta dā, har tsuntsayen teku suka tashi. Ba ta tuna da gwiwa ba sai da ta ga ganuwa a gabanta.

Haka suka shiga gari, ita a gaba, rago a baya, masu shaguna na leƙowa. A bakin gidanta wata tsohuwar motar ɗaukar kaya ta ci burki, wani dogon dattijo mai sanƙo ya diro yana haki. Torsten ne, mai kiwon tumaki a bayan gari, tun safe yake neman ragonsa.

"Ke ce ɓarauniyar?"

"Tambayi wanda ya cinye min waina, ka ji waye ɓarawo."

Torsten ya leƙa kwandon, ya dubi bakin ragon da ya yi rawaya, ya fashe da dariya. Ragon kuwa ya ƙi shiga mota sai da Hillevi ta ɗauko burodi ta yi masa jagora. Suna cikin haka Majken ta iso a fusace, ta gama duba ƙasan kowane dutse tana zaton ƙanwarta ta faɗa ruwa. Sai da aka ba ta kofi ta huce.

Torsten ya gyara shingensa, ragon bai ƙara fita ba. Sai Hillevi ta ce ai bai kamata a yanke zumunci ba. Duk Asabar yanzu tana bin hanyar gaɓar har garken, da waina kashi biyu, ɗaya na rago, ɗaya na mai rago. Majken kan ce, "Wanne daga ciki kike zuwa gani, mai ƙaho ko mai sanƙo?" Hillevi sai ta yi dariya ta ɗauki kwandonta.

Da kaka ta yi aka yi wa tumaki aski, Torsten ya kawo mata buhu cike da gashin ragon. Ta saƙa wa kanta da Majken safa, shi kuma ta saƙa masa hula. Hular ta yi masa yawa, tana rufe masa gira, amma da ita yake zuwa kasuwa.