Kawu Mamman da Cinnakun Garkarsa

Duk wanda ya san Kawu Mamman na Harobanda ya san ba ya wuce ganye bai juya bayansa ba. Ana cikin gaisawa sai ka ga ya duƙa, ya kama ganyen rama, ya leƙa ƙarƙashinsa, wani lokaci har ya ɗan lasa. Wai akwai wani ɗan ido a jijiyar ganyen da ke tsatso ruwa mai zaƙi, shi cinnaku ke hawa sha. In sun sha sun ƙoshi sai kwaɗayin nama ya taso musu, su bi tsutsar da ke cin shuka su tsince ta tas. Shi ya sa ya kewaye garkarsa ta bakin kogi da rama, yana kiran cinnakun ma'aikatansa. Ni ɗan ƙanwarsa ne, Sani direban taksi, kuma kunyar da na sha a hannunsa Allah kaɗai ya san yawanta.

Ranar da muka je unguwar Kalley neman auren matata, shi ne waliyyina. An shimfiɗa tabarmi, an ajiye goro, dattawa sun gyara zama, sai aka nemi Kawu aka rasa. Can na same shi bayan ɗaki, tsugune gaban wata auduga, babbar rigarsa na sharar ƙasa.

Na ce, "Kawu, don Allah, manya na jira."

Ya ce, "Su jira. Zo ka ga ƙibar cinnakun gidan nan. Mutanen nan ba su feshin magani, Sani. Ka auri yarinyar."

Iyakar binciken asalin da aka yi wa matata ke nan, kuma har yau ban yi nadama ba.

A garkarsa kuwa sukari haramun ne. Shayi ma haka ake shan sa da ɗacinsa, kana yamutsa fuska yana kallon ka. Wata rana matarsa, Inna Ramatu, ta kai masa kunu da sukari, ta yi tuntuɓe ya zube kusa da fangalin shu, wato kabeji. Kafin ta tashi cinnaku sun sauko daga rama sun yi dafifi a wurin. Kawu bai tambaye ta ko ta ji ciwo ba, sai ya ɗauko shebur ya kwashe ƙasar wurin ya kai bayan shinge.

Ya ce, "Kin ba ma'aikatana cin hanci. Wanda ya samu sukari a ƙasa, me zai hau rama ya yi?"

Inna ta ce, "Tun ina amarya nake kawo maka kunu, ba ka taɓa cewa sannu ba. Cinnaka kake ji wa tsoron lalacewa?"

Ya ce, "Ke ai ba ki cin tsutsa."

Inna ta janye kununta, sati guda ya yi yana shan ruwan randa da rana.

Sai shekarar da tsutsa ta auka wa shu. Masu garka na wurin, injin ban-ruwa guda gare su, kuma makullinsa na hannun shugaban ƙungiya, Alhaji Seyni, wanda kowa ke kira Parsidan. Aka kira taro aka ce kowa ya yi feshi, wanda ya ƙi a yanke masa ruwa. Kawu ya zo da kan shu guda daga garkarsa, ya dire shi tsakiyar tabarma.

Ya ce, "Parsidan, nuna mini tsutsa ɗaya a nan in sha maganin feshin da bakina."

Ba wanda ya samu damar dubawa, don ma'aikata sun fito daga cikin ganyen sun shige wandunan dattawa. Taron ya watse ko fatiha ba a yi ba. Parsidan, yana tsalle yana kakkaɓe riga, ya ba Kawu sati guda ya yi feshi.

Cikin satin nan ciwo ya kwantar da Kawu, muka kai shi asibiti. Ya damƙa mini garkar ya ce, "Ruwa safe da yamma. Feshi kuwa a'a, ko Parsidan ya zo da soja."

Parsidan bai zo da soja ba, ruwa kawai ya yanke. Na ajiye taksi na koma ɗibar kogi da bokiti, amma ƙarfin direba bai kai nan ba. Kwana uku shu ya fara langaɓewa, kuma da shun nan Inna ke cin abinci. Rana ta huɗu na je wurin Parsidan na ce a yi feshin. Aka yi feshi, aka sako ruwa. Da yamma na ga cinnakun zube a gindin rama, baƙi ƙirin, ba mai motsi. 

Daga nan na wuce asibiti, na zauna bakin gadonsa.

Ya ce, "Daga ina?"

"Daga garka, Kawu."

"Ya ma'aikata?"

"Lafiya lau suke."

Ya daɗe yana kallon ƙafafuna, sannan ya ce, "Daga garkata ka fito, kuma tun da ka zauna ba ka yi susa ko sau ɗaya ba?"

Na sunkuyar da kai na faɗa masa gaskiya duka. Na zaci zai kore ni, har na fara laluben makullin mota. Ya juya fuska wajen bango, sannan ya ce, "Shun ya sha ruwa?"

Na ce, "Ya sha."

Ya ce, "To Ramatu za ta ci abinci. Da ni ne da na bar shi ya bushe, kuma da na yi wauta." Ya lalubo hannuna ya riƙe. "Amma in ka gaya wa Parsidan na faɗi haka, ban yafe maka ba."

Bayan kwana biyar ya rasu. Na yi kuka irin wanda ban yi ba tun rasuwar mahaifiyata, don na san abin da ya haɗiye kafin ya faɗi maganar nan, kuma saboda ni ya haɗiye shi. Na riƙe amanar, ban gaya wa kowa ba, har sai da Parsidan ma ya bi shi lahira bara.

Allah ya jiƙan Kawu Mamman, ya yafe masa kamar yadda ya yafe mini, ya sanyaya makwancinsa, ya shayar da shi ruwan da ba mai yanke masa. Amin.