Agogon da Gorar Nono Ta Raya

Duk wanda ya san kasuwar Illela ya san rumfar Sahabi mai gyaran agogo, kuma ya san cutarsa. Mutumin da kan zauna shiru kamar an aiko shi ta'aziyya, amma da ya hango ƙaramin agogon ƙarfe a hannun wani sai ya zabura har ya ture kofin shayinsa. Ba ruwansa da manyan agogunan nan masu ruwan zinariya da samari ke ɗaurawa kamar murfin tukunya. Shi ƙanana yake bi, tsofaffin ƙirar Turai, farin ƙarfe zalla, irin waɗanda aka yi wa masu ninƙaya da hawan dutse. Mutane na ce musu agogon mata, shi ko murna yake, don rainin nan ne ya sa yake tsintar su cikin buhunan gwanjo da ake ƙetarowa da su daga Konni.

Goma sha ɗaya ya tara a wani akwatin katako. Kullum da safe sai ya girgiza su ɗaya bayan ɗaya, domin irin masu cika kansu da motsin hannu ne, in aka bar su kwana biyu sai su mutu. Matarsa Na'ima kan ce ko awakinta ba su samun wannan gata.

Amma gurbi goma sha biyu ne a akwatin. Na ƙarshen na agogon mahaifinsa ne, marigayi Alhaji Abdu mai fataucin albasa. Shi ne agogon farko da Sahabi ya taɓa buɗewa, da wuƙa kuwa, har ya yi masa wata doguwar karta a baya. Daga baya Alhaji ya cire shi ya ba amininsa Jaɓɓo, Bafulatanin da ke kiwon shanunsa, ranar da Jaɓɓo zai yi ƙaura. Shekara talatin Sahabi na cigiyar agogon nan. Ba ya ɓoyewa, yana son ya sake riƙe abin da ya kwana a hannun ubansa.

Wata Lahadi ana tsakiyar cin kasuwa, wata tsohuwa mai tallan nono ta sauke ƙwaryarta a inuwar rumfarsa. Tana miƙa hannu ta gyara faifai, sai wani abu ya yi walƙiya tsakanin awarwaronta. Sahabi ya miƙe tsaye, tabaraunsa ya faɗi, bai ko waiwaye shi ba.

"Inna, don Allah in ga wanga agogo!"

"Mi za ka gani? Na mijina na, Jaɓɓo, Allah shi jiƙan shi."

Ta kwance ta ba shi, ya juya bayan. Ga kartar nan, doguwa, a karkace, aikin wautarsa. Ya kara a kunne. Yana tafiya! Lokacin dai ya kauce da awa huɗu, amma bugun na nan tsaf. Ya ƙwala wa maƙwabcinsa mai takalma kira, ya kira mai shayi, yana nuna musu kartar kamar wanda aka yi wa haihuwa.

Ta ce sunanta Adda, ita da iyalinta sun dawo wajen ƙauyen Tozai shekara uku ke nan. Sahabi ya rasa gane abu guda.

"Inna, wa ka gyara maki shi? Wanga sai ana motsa shi kullum."

Ta yi dariya. "Ni ban san karatun agogo ba, ɗana. Kullum da sahe dai ina kaɗa nono ga gora in hidda mai. Shi kuwa shina hannuna."

Wato gorar man shanu ce ta riƙe masa rai! Sahabi ya tafa hannu, ya jawo akwatin ya buɗe, ya nuna mata gurbin. Ya riga ya shirya maganar a bakinsa: ta faɗi abin da take so, ko tunkiya ce, ko saniya ma zai nemo.

"Bai taɓa tsayawa ba ke nan?" ya tambaya.

"Sau guda. Da Jaɓɓo ya rasu na tuɓe adona duka na shiga takaba. Wata huɗu da kwana goma shina cikin ƙwarya, shiru. Randa na hita na ɗaura shi, na ɗauki gora. Ina kaɗawa sai na ji shi, ƙyas, ƙyas. Shi ya hwara yi min magana cikin gidan."

Sahabi ya dubi gurbin, ya dubi siririn hannunta inda madaurin ya bar farar shaida a fata. Sai ya fasa maganar tunkiya. Ya buɗe agogon, da makullin da ya dace wannan karon, ya goge, ya ɗiga masa mai, ya daidaita lokacin. Sannan ya ɗaura mata da kansa.

Yanzu duk Lahadi Adda kan sauke ƙwaryarta a rumfar, ta miƙo hannu ba tare da ya roƙa ba. Sahabi ya sunkuya ya kara kunne, ya saurara har ya ƙoshi, sannan ya sayi nono.