Takardun da Mai Kari Ya Goge

Shekara talatin da biyu Mai Kari ya yi yana wanki da guga a ɗan lungun da ke ƙarƙashin matakalar benenmu. Laƙabin ya samo asali ne daga karin da yake fitar wa wando, wanda ake cewa zai iya yanka yatsa. Shi ya goge rigunan da na shiga aji da su har na yi ritaya, kuma ban taɓa jin ya ƙona wa wani ko da hankici ba. Da dutsen gawayi yake aiki, domin a cewarsa lantarki ba shi da alkawari.

Matarsa ce take ninke masa kaya. Bara cutar yanar ido ta rufe mata ido ɗaya, ta soma cin ɗayan. A asibiti aka ce sai an yi aiki, aka sa musu rana.

Ana cikin haka, wani injiniya da ya taɓa zaman haya a benen kafin ya ƙaura ƙasar waje ya zo ganin gida. Da zai koma, ya danƙa wa Mai Kari takardu huɗu na kuɗin can. Idan canji ya yi kyau za su biya aikin cif, idan bai yi ba za su gaza. Saboda haka ya ninke su ƙanana, ya cusa a lalitar ƙugunsa, yana jiran farashi ya tashi. Mako biyar suka yi a matse.

Ran da ya ji an ce ya tashi, ya nufi layin 'yan canji. Na farko ya warware takardun, ya taɓe baki.

"Baba, daga bakin akuya ka ƙwato su? Wannan farashin na sabuwa dal ne. Naka sai na rage."

"Yamutsewa tana rage lambar da ke jiki ne?"

"Tana rage mai saye. Zagaya ka gani."

Ya zagaya shago uku, bakinsu ɗaya. Ya dawo yana huci. "Ni za a gaya wa yamutsewa?"

Bai yi garaje ba. Sai da ya gwada dutsen a kan kuɗinmu na gida, takardar ta fito sumul. Daga nan ya jera huɗun, ya yayyafa ruwa, ya rufa musu ƙyalle, ya bi ta kansu da dutsen sau ɗaya. Abin da bai sani ba shi ne, kuɗin waccan ƙasar ba takarda ba ne, wata irin leda ce.

"Maigida, ƙauri nake ji," in ji matarsa. "Yau kayan wa ka ci?"

"Gawayi ne."

"Gawayi mai warin roba? Tsufa dai ya yi sallama."

Ya ɗaga ƙyallen. Duka huɗun sun ƙanƙance, sun murɗe kamar busasshen ganye, lambobinsu sun narke. 'Yan canji suka yi salati, suka mayar masa. A banki aka ce sai dai ya kai su ƙasar da ta buga su.

Washegari ya hawo wurina domin in rubuta wa injiniyan wasiƙa. Na ɗauki alƙalami, ya faɗi gaisuwa, ya faɗi godiya.

"Sai kuma me?" na tambaye shi.

"Malam, da wane baki zan ce ya ƙara? Rufe ta haka."

Ranar aikin ta zo ta wuce. Yanzu da lalube matar take ninke kaya, tana gane kowace riga da maɓallanta. Kowace safiya ina saukowa nakan ji ta.

"Maigida, har yanzu canjin bai tashi ba?"

"Tukuna," yakan ce, ya sunkuya yana hura gawayi.