Ranar da Baba Bula ya wanke yaƙi

Gari bai gama wayewa ba Baba Bula ya riga ya shanya kakin soja cike da igiya uku a bayan ɗakin ajiyar masu fim, yana hura gawayin dutsen guga. Shekara da shekaru wanki da guga ne sana'arsa, bula ta ci masa farce har ta zama sunansa. Ba ya yawan magana. In ka kawo riga da tabo, ka karɓe ta babu tabo.

Masu fim sun ɗauke shi ne ya riƙa wanke kayan ma'aikata, aikin da zai riƙe gidansa har ƙarshen damina. Fim ɗin na wani shahararren yaƙi ne da kowane ɗan makaranta ya san sunansa. Da Baba ya ga kakin 'yan wasa jibge a kwando, duk taɓo da wani jan abu kamar jini, sai ya ce a ransa ƙazantar yaran zamani ta kai inda ta kai. Ya jiƙa, ya dirje, ya sa sitaci.

Matar da ke kula da sutura ta shigo, ta ga igiya, ta dafe kai.

"Baba, ka kashe ni! Sati guda nake ɓata kayan nan da hannuna!"

"Ɓatawa, 'yata? Da gangan?"

Darakta ya iso tare da malamin tarihin da suka ɗauko. Malamin ya yi bayani a natse: sojojin wancan yaƙi a rami suka zauna cikin ruwa, ko sabulu ba su gani ba.

"Ƙanen babana soja ne," in ji Baba. "Maɓallinsa har ido yake kashewa."

"A fareti ka gan shi, Baba, ba a rami ba."

Gaskiya ce, kuma Baba ba ya musu da gaskiya. Darakta ya ce in rana ta karkata kayan ba su koma yadda suke ba, gobe kada ya zo.

Bai roƙi kowa ba. Ya kwashe kakin a baro, ya tura zuwa gidan bulo na surukinsa, inda leburori ke kwaɓa ƙasa da loda mota.

"Ku cire naku ku sa waɗannan, ku ci gaba da aiki."

"Baba, soja za ka mayar da mu?"

"Kai da kaza ke kora? Sa ka durƙusa, gwiwar nake so ta ci ƙasa."

Da ya dawo da yamma, wuyan riguna ya yi baƙi, gumi ya zana farin gishiri a baya, wandon wani ya yage a gwiwa. Mai sutura ta ɗaga riga ɗaya, ta kau da hanci.

"Jini kawai zan ƙara."

Darakta ya duba, ya ce a kira 'yan wasa.

Bayan an tashi daga ɗauka, Baba ne ya karɓi kakin ɗaya bayan ɗaya. Ya rataye su a ɗakin ajiya da dauɗarsu, fuska a murtuke, ya ja ƙofa, ya tafi famfo wanke hannu.