Baba Ƙugiya da Tabarau Mai Araha

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana zama a kan kujera guda, a kusurwar wata maɗaba'a da ke bayan kasuwa, daf da tagar da hasken hantsi ke shigowa ta cikinta. Aikinsa duba rubutu kafin a kai shi kan inji. Littafi ne, ko katin gayyata, ko sanarwar rasuwa, babu takardar da za ta ga tawada sai ta bi ta ƙarƙashin jan bironsa. Masu buga rubutu a kwamfuta ba su ɗauki ƙugiyar da ke kan ƙ da ɗ da ɓ a bakin komai ba, shi kuwa a kanta yake iya ɓatawa da kowa. Yakan ɗaga takarda ya dubi mai bugun ta saman tabarau, ya ce, "Malama, ƙafa kike nufi ko kafa? Da ɗaya ake tafiya, ɗayar kuwa ɓera ne ke shiga cikinta." Da haka aka laƙaba masa Baba Ƙugiya, har sunansa na yanka ya bi ruwa.

Marigayi mai maɗaba'ar, wanda ya ɗauke shi aiki tun yana saurayi, ba ya yarda a tayar da inji sai ya ga sa hannunsa a ƙasan shafi. Da ya rasu, ɗansa ya gaji wurin, ya sa aka manna wa ƙofar ofis allo mai ɗauke da kalmar Manaja. Baba ya san shi tun yana zuwa da jakar makaranta ana gyara masa insha'i, amma bai taɓa kiransa da wani suna ba sai wanda ke kan allon. Shi kuwa Manaja ya daɗe yana kallon kujerar kusurwa da irin kallon da ake yi wa tsohuwar kwabar da ta tare hanya.

Wata ranar Talata, Baba yana saukowa daga motar haya, tabaransa ya zame daga aljihu, wani mai sauri ya taka shi. Gilashi ɗaya ya ruguje, ɗayan ya tsage. Washegari ya je asibitin ido, aka auna shi, likita ya zana lambobi a ƴar takarda ya miƙa masa. Da ya shiga shagon tabarau aka faɗa masa kuɗin, sai da ya nemi a maimaita. Ya dawo gida yana huci.

"Gilashi biyu," in ji shi, "waɗanda ba su kai gindin kofi ba! Zinariya aka narka a ciki?"

Ƴar autarsa, wadda ke sayen komai ta waya, daga takalmi har tukunya, ta yi dariya ta ce, "Haba Baba, wa ke shiga shago yanzu? Kawo takardar. Ta intanet zan samo maka shi a kashi ɗaya cikin uku, har ƙofar gida."

"Mutumin da bai ga idona ba ne zai yanka mini gilashi?"

"Lambobi zai gani, Baba. Su ma masu shagon ai lambobin suke bi."

Maganar ta shige shi, domin shi mutum ne da ya yarda da abin da ke rubuce. Auta ta zauna ta kwafe lambobin ɗaya bayan ɗaya, sannan ta miƙa masa wayar ta ce ya duba, tunda dubawa sana'arsa ce. Ya riƙe wayar nesa da fuskarsa, ya kanne ido ɗaya, ya leƙa ta tsagaggen gilashin, ya ce, "Daidai ne."

Bayan kwana goma sha biyu aka kawo ƙunshin. Tabarau ne kyakkyawa, baƙi, mara nauyi, har mai ɗakinsa ta ce ya rage masa shekara goma. Da ya sa shi kuwa, sai ya ga daɓen ɗakin ya karkata, ƙofa ta jingina gefe guda. Wata ƴar takarda da ke cikin akwatin ta ce ido yakan ɗauki mako biyu kafin ya saba. Bai so ya kunyata Auta, wadda ke ta yi wa yayyenta alfahari a waya, kuma ya san akwai mai jiran ya ji an ce idon tsoho ya gaji. Haka ya riƙa zuwa aiki da ciwon kai kamar ana sara masa goshi. Abin da ya fi muni, kowane harafi mai tsayi sai ya riƙa fitowa da wata inuwa a kansa. Wanda ke da ƙugiya da wanda babu, duk suka zama ƴan gida ɗaya.

A cikin wannan makon aka kawo tsarin bikin raba kyaututtuka na wata makarantar ƴan mata, kwafi ɗari biyar. Ya karanta sau biyu, ya gyara waƙafi uku, ya sa hannu.

Ranar Litinin shugabar makarantar ta shigo ko sallama babu. Ta buga takardar a kan teburinsa har kwalbar gam ta faɗi.

"Wane ne mai duba rubutu a nan?"

Ya miƙe tsaye ya ce, "Ni ne, ranki ya daɗe."

"To karanta mini layi na huɗu, da ƙarfi, kowa ya ji."

Ya karanta, "Jawabin maraba ga manyan baƙi."

"Haka ka gani? Manyan baki aka rubuta! Manyan baki! Na tara iyaye da shugabanni a jeren gaba, na raba musu takarda ina kiransu masu manyan baki. Duba ƙasa kuma. Kyautar ɗaliba mai kishin kasa! Yarinyar da ta zo ta ɗaya tun daga ajin farko, ita ce mai kishin kasawa? Ƴan aji biyu ne suka gano, suka yi ta ƙyaƙyatawa har na rasa inda zan sa fuskata. Malam, idan ba ka gani, ka faɗa, ba abin kunya ba ne!"

Baba ya cire tabarau, ya kai takardar har kan hancinsa. A nan ya ga haruffan tsirara, babu ƙugiya ko ɗaya. Mai inji, abokin wasansa na shekara ashirin, wanda kullum yake tsokanarsa, ya sunkuyar da kai ya kama goge abin da ba ya bukatar guga.

Manaja ya ba ta haƙuri, ya raka ta har mota, ya dawo ya tsaya a tsakiyar ɗakin. "Baba, ka je gida ka huta tukuna. Za mu neme ka."

"Kuskure ɗaya, Manaja, a shekara talatin da ɗaya."

"Biyu ne, Baba. Ai ka ji ta."

A gida ya sa Auta ta rubuta wa masu tabarau. Ya so a ce akwai kanti da zai je, da mutum mai fuska da zai tsaya a gabansa ya zazzage masa abin da ke cikinsa. Babu kowa. Amsa ta zo cikin minti ɗaya, da alama ba ɗan Adam ne ya rubuta ta ba: suna godiya kwarai, suna ba shi hakuri, kaya sun dace da bayanan da aka shigar, ba a mayarwa. Ya sa ta ƙara girman rubutun, ya bi shi kalma kalma.

"Dubi nan! Haƙurin ma da za su ba ni babu ƙugiya! Ƙwarai ɗin ma babu! Waɗannan na damƙa wa idona?"

Da gari ya waye ya koma shagon da ya fita daga cikinsa yana huci. Mai shagon, wata dattijuwa mai sanyin magana, ta ɗora tabaran a kan na'ura ta auna, ta karɓi takardar likita, sannan ta nemi ganin abin da aka aika ta waya. Ta ɗan jima tana kallo, ta juyo da su gabansa, ta ba shi madubin ƙara girma.

"Ka ga wannan layin na biyu? Shi ke gyara karkatar ido. Likita ya sa alamar tarawa, amma bironsa bai kama sosai ba, sandar tsaye ta fito dishi-dishi. Wanda ya kwafa ya ɗauka alamar ɗebewa ce. Maimakon gilashin ya gyara karkatar, sai ya ninka ta. Da a nan ne, da na sa maka shi a fuska na tambaye ka abin da kake gani. Wa ya cika maka wannan?"

Ya daɗe yana kallon ɗan layin nan da bai kai tsawon ƙwayar shinkafa ba. Da a ce laifin Auta ne ita kaɗai, da ya sami inda zai sauke fushinsa. Amma an miƙa masa ya duba, kuma da bakinsa ya ce daidai ne.

"Ni na duba shi," in ji shi. "Yanka mini wani."

Bayan kwana huɗu ya shiga maɗaba'a da sabon tabarau, yana ganin har ƙurar da ke kan fanka. An ture kujerarsa jikin bango, an jibge takardu a kan teburinsa. Ya zari shafi ɗaya daga cikin waɗanda inji ke fitarwa, littafin karatu ne na ƴan firamare, ya zaro jan biro daga aljihu. Kafin ya kai rabin shafin, jan ya fi baƙin yawa. Ya buɗe ƙofar ofis ya ajiye shi a gaban Manaja.

"Idona ya dawo. Ga shaida. A tsayar da injin nan, babu ƙugiya ko ɗaya a shafin nan."

Manaja ya jingina da kujera. "Na sani, Baba. Ni na ce a cire su."

"Ka ce a yi me?"

"Duka. Daga yau ba ma sa su. Idan babu ko ɗaya, ba wanda zai shigo ya ce mun manta ɗaya. Mutane suna karantawa a waya haka nan, kuma suna ganewa. Idan kana so ka dawo, bismilla, ka riƙa duba mana lambobin shafi da waƙafi. Ba na so a ce na kori abokin mahaifina."

Baba ya ɗaga murya. "Littafin yara ne wannan! Yaron da zai fara koyon karatu da shi, wa zai gaya masa ɗaki ba daki ba ne? Ni na yi kuskure biyu da gurɓataccen gilashi, na kwana huɗu ban iya haɗiye abinci ba. Kai kuma za ka yi dubu da idonka garau, ka kira shi tsari!"

"Baba, a yi magana a hankali, akwai mutane."

"Su ji! Kuma kada ka ƙara fakewa da mahaifinka. Da yana nan, da kai za a ce ka je gida ka huta."

Manaja ya tura masa shafin da ɗan yatsa. "Sa hannu kawai ake bukata a ƙasa. Masu littafin sun ce sai sun ga hannunka."

Baba Ƙugiya ya dubi gurbin da ya saba cikewa shekara talatin da ɗaya. Ya rufe bironsa, ya mayar da shi aljihu.

"Ka sa naka," in ji shi.

Ya fito ta tsakanin injuna. Mai inji ya kira shi sau biyu, bai waiwaya ba.